Bashin Da Ke Wuyan Kowa

Na san waɗansunku daga gona suka biyo nan, ko gida ba su leƙa ba, saboda haka ku yi mini haƙuri kaɗan.

Maganarmu ta yau a kan wajibi ce, watau abin da ya zama tilas mutum ya yi, ko ransa yana so ko ba ya so. Sunayensa suna da yawa a bakin Hausawa. Wani ya ce dole, wani ya ce hakki, wani ya ce nauyi, malamai kuma su ce farilla. Amma sunan da ya fi saurin shiga kunne shi ne bashi. Kun san an ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Masu wannan magana ba kuɗi kaɗai su ke nufi ba. Duk abin da wani ya ke da shi a wuyanka, wanda in ka hana shi ka zalunce shi, to, bashi ne. Abincin iyalinka bashi ne. Yinin da maƙwabcinka ya yi a gonarka ran gayya bashi ne. Damin zakka da ke cikin rumbunka, ko da ya ke kai ka nome shi, ba naka ba ne.

To, in kuna so ku gane irin wajibin da ke kanku, ga tambayar da za ku yi wa kanku: in na ƙi, wa zai biyo ni? Akwai bashin da hukuma ke biyowa, da sammaci da ɗan sanda. Akwai wanda mutanen gari ke biyowa, da ido da baki. Akwai kuma wanda ba mai biyo shi a duniya ko kaɗan, daga kai sai zuciyarka sai Allah. Mu kan auna nauyin bashi da ƙarfin mai biyo shi. Abin da na zo in gaya muku shi ne, mudun nan da mu ke awo da shi ba daidai ya ke ba.

Mu fara da na hukuma, tun da ya ke shi aka fi tsoro. Dattawan da ke nan sun san haraji, yara kuwa sai labari. Tun kafin zuwan Turawa, ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram suna ƙarƙashin Sarkin Kano. Talakawa suna biyan kuɗin ƙasa, marina suna biyan kuɗin karofi, Filani suna biyan jangali a kan shanunsu. Shanu kam sun daɗe a ƙasar nan, ga zanensu can a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, wanda mutanen dā suka bari. Turawa suka ci Kano a 1903. Ba su ta da haraji ba, sai suka tattara shi wuri ɗaya, suka sa a riƙa rubuta shi a littafi, sannu a hankali kuma suka ce sai da kuɗinsu za a biya, ba da wuri ko hatsi ba. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Mutane suka duƙufa kan nomanta, ɗaya daga manyan dalilai kuwa shi ne a sami abin biyan haraji.

Ga yadda a ke karɓarsa a zamanin En'e. Hakimi ya sanad da dagatai, dagaci ya sanad da masu unguwa, mai unguwa ya bi gida gida. Ko wane namiji baligi an rubuta sunansa. In ka biya a ba ka takarda, ka adana ta kamar laya, gama in ka fita cin rani ana iya tare ka a hanya a ce ka nuna. In ba ka biya ba, ga dogarai, ga 'yan doka. An sha shanya magidanci a rana a ƙofar dagaci. An sha sayad da akuyar mace don a fanshi mijinta. Akwai waɗanda suka bar gari da dare, ba su sake komowa ba. Filani kuma su kan kora wani sashe na garke cikin daji in sun ji malaman jangali sun doso.

Ran 1 ga Oktoba 1979 Alhaji Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamnan Jihar Kano. Lokacin nan mu ma cikin Jihar Kano mu ke, gama sai a 1991 aka yanke Jigawa. Da hawansa ya soke haraji da jangali. Ku dubi wannan abu da kyau. Abin da jiya in ka ƙi shi za a ɗaure ka, yau an wayi gari babu shi. Gonakin su ne na jiya, mutanen su ne na jiya, doka ce kaɗai aka sake. Watau wajibin doka mutane ke ɗora shi, mutane ke sauke shi, yana da ranar haihuwa, yana da ranar mutuwa. Ba cewa na ke yi a raina shi ba. Muddin doka tana tsaye, bin ta tilas ne, in ba haka ba gari ya zama daji, mai ƙarfi ya danne mara ƙarfi. Amma ran da aka soke haraji, ba wanda ya ce an soke masa ciyad da tsohuwarsa.

Har wa yau, bashin da ke tsakanin talaka da hukuma ba gefe ɗaya ne ba. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 24, ya lissafa abubuwan da ke wuyan ɗan ƙasa. A ciki har da bin tsarin mulkin, da taimakon hukuma wajen kiyaye zaman lafiya, da biyan harajin da ya hau kan mutum a kan kari. Amma tun a sashe na 14 ya riga ya nuna tsaron jama'a da jin daɗinsu su ne aikin gwamnati na farko. Saboda haka in an karɓi kuɗin rumfa ko na dabba a hannunka a kasuwar Sara ko ta Babaldu, ka nemi rasit, ka karanta, ka ga ko abin da aka rubuta ya yi daidai da abin da ka bayar. Wannan ba rashin kunya ba ne. Ka biya naka, takardar nan ita ce shaidar yanzu kai ke bin bashi. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, ko malamin asibiti ne, ko na makaranta, ko kansila.

Wani lokaci kuma doka ta kan ɗauki abin da dā tausayi ne kawai, ta mai da shi wajibi. A 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido, mutumin Bamaina nan kusa da mu, gwamnatin Jigawa ta yi doka ta fara ba waɗansu naƙasassu naira 7,000 ko wane wata. Kafin wannan, abin da makaho ko gurgu ya samu sadaka ce, in an ga dama a bayar. Da aka yi doka, ga wanda aka rubuta sunansa, abin ya zama hakki, yana da bakin tambaya in bai gani ba.

Yanzu mu je gaban alƙali, inda rigimarmu ta bashi ta kan ƙare. Kun san yadda a ke yi. Damina ta yi tsakiya, wajen watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, ga taki ana nema, ga yaro ba lafiya. Sai mutum ya tafi wurin mai hali ya karɓi hatsi ko kuɗi, a kan zai biya da kaka. Su biyu kaɗai a zaure, ba shaida, ba takarda, wai don a rufa asiri. Kaka ta yi, mai bayarwa ya ce buhu 3 ne, mai karɓa ya ce 2 ne. Aka zo gaban alƙali. To, alƙali ba ya ganin zuciya. Ƙa'idar shari'a ita ce, wanda ya yi da'awa shi zai kawo shaidu, wanda ya musa kuwa rantsuwa ke kansa. In ba ka da shaida, abokin shari'arka ya rantse, magana ta ƙare, ko da kai ke da gaskiya. Alƙali bai zalunce ka ba, kai ne ka zo hannu wofi.

Abin lura, ayar da ta fi ko wace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan bashi ta ke: a sa masa ajali, a rubuta shi, a kafa shaidu, kuma wanda ke karɓar bashin shi zai faɗi abin da za a rubuta. Mu kuwa mun mai da neman takarda abin kunya. In ka ce a rubuta, sai a ce ba ka yarda da ɗan'uwanka ba. Ni dai a ganina, zumuncin da rashin takarda ya kashe ya fi wanda takarda ta kashe yawa nesa ba kusa ba.

Ga kuma lamuni. Abokinka ya zo ya ce, "Taso ka tsaya mini kawai, ba abin da za ka yi." Ku sani tsayawar nan ba rakiya ba ce. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu ke bi, ana fara neman wanda ya ci bashin. In ya tsere, ko ya tsiyace, sai a juyo kanka, ka biya abin da ko ɗanɗanawa ba ka yi ba. Haka ya ke in ka dangwala yatsa a takardar bashin taki ta ƙungiya ko ta banki. Kada ka dangwala sai ka karanta, ko wanda ka amince da shi ya karanta maka daga sama har ƙasa. Amma shari'a ba ta bar mai bin bashi ya yi yadda ya ga dama ba. In an tabbata mutum ba shi da kome, ba ɓoyewa ya yi ba, sai a saurara masa har ya samu. Ba a ɗaure mutum a kan babu.

Alkawari fa? An ce alkawari kaya ne, gaskiya ne. Amma ba ko wane alkawari ne alƙali zai sa a cika ba. In ka ce wa mutum, "Bayan salla zan ba ka riga," salla ta wuce ba ka ba shi ba, ka saɓa, ka yi abin kunya, amma ba a tilasta ka a kotu. Dokar Ingila ma, wadda manyan kotunan ƙasar nan suka gada, ba ta karɓar ƙara a kan alkawarin kyauta na baka, wanda ba a ba da kome a madadinsa ba. Sai dai malaman Malikiyya sun yi wata togiya mai kyau. In ka ce wa mutum, "Rushe ɗakinka, ni zan ranta maka kuɗin gini," ya dogara da maganarka ya rushe, to, ba ka da damar janyewa, gama bakinka ne ya jefa shi cikin wannan hali. Ku riƙe wannan, ku masu saurin cewa, "Je ka, ba kome, ina nan."

Bashi na biyu ba a kai shi kotu, amma sau da yawa shi aka fi gaggauta biya. Tsoro na daji, kunya ta gida. Ka kira gayya, samari 20 suka zo suka yi maka noma, ko suka ɗaga maka jinka. Ba wanda ya rubuta sunansu. Ran da ɗayansu ya kira tasa, in ka noƙe, ba mai kai ka ƙara, amma baɗi ka sa a buga gangar gayya ka ga wanda zai zo. Iyayenmu mata sun fi mu sanin wannan lissafi. Abin da ƙawa ta kawo ran suna ko ran aure, ana riƙe da shi a ka shekara da shekaru, in nata ya zo a mayar har da ƙari. Adashi ma haka, wadda ta kwashi farko ta daina zubi, da wuya ta sake samun shiga wani a unguwar. Ga dubiyar mara lafiya, ga gaisuwar mutuwa, ga aron garma da na jaki. Wannan duka shi ke riƙe da gari. Da a ce abin da doka ta tilasta kaɗai mu ke yi wa juna, da ƙauye bai kai mako guda ba ya watse.

Amma kunya tana da aibi guda: ido ta ke tsoro. Ta kan biya wanda zai iya yi da kai a dandali ko a bakin rijiya, ta bar wanda ba shi da baki. Shi ya sa za ka ga mutum ya sayad da hatsin da zai kai iyalinsa damina don ya yi bikin da za a yaba. Ko ya ci bashi ya kai gudummawa gidan mai kuɗi, alhali kuwa ladan yaron da ya yi masa ƙwadago kwana 4 yana nan bai biya ba. Mai kuɗin zai lura in ba a zo ba. Yaron kuwa, in ya zo sau biyu aka ce masa gobe, sai ya gaji ya bari. In an bi shari'a, ladan ma'aikaci wajibi ne, gudummawar biki kuwa kyautatawa ce. Mu muka juya abin, muka sa na baya a gaba.

To, ga inda na ke so ku buɗe kunne sosai, watau bashi na uku. Shari'a ta iyakance waɗanda alƙali zai tilasta wa namiji ciyarwa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda a ke karantawa a zaurukan malamanmu, ya kawo su. Akwai matarsa, ko tana da dukiya ko ba ta da ita. Akwai iyayensa biyu, in matalauta ne. Akwai 'ya'yansa ƙanana marasa dukiya, maza har su balaga, mata har su tare a gidan miji. Yanzu ku ƙirga waɗanda ba su ciki. Babu kakarka. Babu ƙanwarka da aka saki ta dawo gida da goyo. Babu marayun wanka. Ran da wa ya rasu ya bar 'ya'ya 5, alƙali ba zai aiko maka da sammaci a kan tuwonsu ba. Mutanen gari za su yi magana kwana 40, daga nan kowa ya koma harkarsa. Yaran kuwa ba su ma san suna bin ka kome ba. Shin wannan ya sa nauyin ya ragu? Ni a ganina nan ne ya fi nauyi, gama in kai ka sake shi, babu wani a bayanka da zai tare. Gonar da ubansu ya bari kam, wannan shari'a tana da magana a kanta. Amana ce a hannunka, ba a ci, ba a cuɗa ta da taka har iyaka ta ɓace, ran da suka yi hankali a miƙa musu a gaban shaidu.

Ajiya ma ku dube ta. In an ba ka ajiya ta salwanta ba da sakacinka ba, shari'a ba ta ɗora maka ramuwa, maganarka a ke karɓa. Sauƙi ne aka yi wa mai amana, don kada mutane su ƙi karɓar ajiyar juna. Amma kun ga ƙofar da aka bari a buɗe. Wanda ya ci ajiya ya ce gobara ce, ko ɓarayi ne, yana iya fita daga gaban alƙali da hularsa a ka. Daga nan sai tsakaninsa da wanda ba ya barci.

Zakka kuwa ƙa'idarta a fili ta ke. Hatsin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi, watau sa'i 300, ɗaya cikin 10 a ke fitarwa. Wanda aka sha wahalar ban ruwansa, kamar shinkafa ko alkamar rani da a ke ja wa ruwa da inji, ɗaya cikin 20. Shanu in sun kai 30, maraƙi guda. Tumaki da awaki in sun kai 40, guda ɗaya. Masarautar Dutse, wadda ƙasashen nan namu biyu ke ƙarƙashinta yanzu, tana da kwamitin tara zakka da raba ta, hakimai da dagatai suna tunasarwa. Amma wa ya ƙirga dammunan da ka ɗaure a gonarka ta bayan dutse? Kai kaɗai ka san ko 70 ne ko 100. Matalaucin da ke da rabo a ciki bai ma san wace gona ce ba.

Akwai kuma abin da malamai ke kira farali kifaya, watau wajibin da ke kan jama'a duka. In waɗansu sun yi, ya sauka daga kan saura, in kowa ya ƙi, kowa ya yi laifi. Wankan gawa da sallarta da binne ta su ne misalin da kowa ya sani, a nan kam ba mu da sakaci. Amma ceton rai ma cikinsa ya ke. Babbar hanyar mota ta ratsa Birnin Kudu, haɗari ba baƙonmu ba ne. Da damina kuma koguna su kan cika, su ci mutane da dabbobi. Ƙasashen duniya sun saɓa a kan wanda ya ga mutum cikin halaka ya wuce abinsa. A Faransa laifi ne, ana iya ɗaure shi, in dai yana da halin taimako ba tare da ya jefa kansa cikin haɗari ba. A Ingila kuwa doka ba ta kama mai wucewa da ya kau da kai. Littafin Muhtasar na Shehu Halilu ya ɗora ramuwa a kan wanda ya iya tsamo rai ko dukiya daga halaka, ya ƙi. A Nijeriya, dokar lafiya ta 2014 ta hana asibiti ƙin duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa. Amma wa zai kawo shi? Aibin wajibin jama'a shi ne, kowa ya kan ce wani zai yi. Mutum 50 sun kewaye motar da ta faɗi, ana ta salati, waɗansu suna ɗaukar hoto da waya, ba wanda ya tsai da wata motar a kai su asibiti. In an kai su aka ce ana neman jini, nan ma ba dokar da za ta kamo hannunka.

Mai bin bashin da ya fi kowa rauni kuwa shi ne ɗanka na cikinka. A 1976 gwamnatin tarayya ta buɗe karatun firamare kyauta ga kowa. A 2004 aka yi doka aka mai da karatu tilas, shekara 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare, ga namiji da mace. Dokar ta ce uban da ya ƙi, karo na farko a ja masa kunne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata 1, bayan haka naira 5,000 ko wata 2. To, ku gaya mini, wa kuka taɓa gani an ci tara a kan wannan a ƙauyenku? Haraji yana da dogarai, shi ya sa ba a yi wasa da shi ba. Wannan kuwa ba shi da su. Yarinya 'yar shekara 9 da aka ɗora wa tallan gyaɗa a tasha ranar makaranta ba za ta kai iyayenta ƙara ba. Sai bayan shekara 20, ran da aka miƙo mata takardar magani ko ta gado, ta juya ta sama da ƙasa, ran nan za ta gane an ci mata bashi. Ku da ku ke zaune a nan, waɗansunku da furfura, kuna koyon baƙi da wasali, ba sai na faɗa muku zafin wannan ba.

Ba cewa na ke yi iyayenku sun ƙi ku ba. A zamaninsu makaranta tana da nisa, ana kuma jin tsoronta. Yau ga ta a ƙofa. Nan garin Birnin Kudu ga Kwalejin Gwamnati, inda Alhaji Aliko Ɗangote ya yi karatu. Ban ce ko wane yaro zai zama Ɗangote ba, in ya iya karanta rasit da takardar lamuni ma an ci riba. Na san akwai uzuri, talauci yana nan, wani wuri kuma sai yara su je su tarar malami bai zo ba. In haka ne, wannan bashin hukuma ne, ku taru da mai unguwa ku je ku biyo shi wurin sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, kada ku mai da shi dalilin cire yaro.

Saura magana ɗaya, ta ranar da kai kanka ba ka da baki. In mutum ya rasu, shari'a ta jera yadda za a taɓa dukiyarsa. A fara da likkafani da binnewa, sa'an nan a biya bashi, sa'an nan wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi, watau ɗaya cikin 3. Abin da ya ragu shi ne gado. Shi ya sa a wurin jana'iza a kan yi shela, wanda ke bin mamaci, ko mamaci ke binsa, ya zo ya faɗa. Amma sau nawa mai bin bashi ya ji kunya ya yi shiru, magada kuwa ba su sani ba? Sau nawa kuɗin ajiyar wata tsohuwa suka shige cikin gado aka raba? Akwai gonakin da aka jinginar tun zamanin fam da sule, tun kafin naira ta fito a 1973, har yau jikoki suna shari'a a kansu, wannan ya ce sayarwa ce, wancan ya ce jingina ce, waɗanda suka san asalin maganar kuwa suna cikin kabari.

Saboda haka ga aikin da za mu yi a aji na gaba. Kowa ya zo da littafinsa da fensir, za mu koyi rubuta takardar bashi. Ba ta da wuya, layi 5 ko 6 ce. A sa kwanan wata da shekara, a sa sunan mai bayarwa da na mai karɓa, a sa abin da aka karɓa da adadinsa, da lamba da kuma kalmomi don kada wani ya ƙara sifiri, a sa ranar biya, sa'an nan shaidu 2 su sa hannu. A rubuta guda 2, kowa ya riƙe ɗaya. In an biya, a rubuta a bayanta an biya, a gaban shaidun nan. A shafin ƙarshe na littafin kuma kowa zai rubuta wa kansa abin da a ke binsa, da ajiyar mutane da ke hannunsa. Wannan shafi ba sai malamin aji ya gani ba, amma ka nuna wa matarka ko babban ɗanka inda ka ke ajiye littafin. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, ya zauna kusa da wanda ya iya.

Mu tashi haka nan, magariba ta gabato. Allah ya kai mu.